Agugun Bango da Akwatin Kifi: Kowa da Mazauninsa

Gabatarwa

Idan damina ta kankama, wajen watan Agusta, hankalin kowa a ƙasar Kankiya da Kusada yakan koma kan gero da dawa da gyaɗa da wake. Amma akwai waɗansu ƙananan tsire-tsire masu fitowa a wannan lokaci waɗanda ba mai shuka su, ba mai nome su, ba kuma mai kai su kasuwa. Mazauninsu shi ne tsagar tsohon bango, da cikin bakin rijiya, da ƙarƙashin kwalbati, da tsakanin duwatsu inda rana ba ta cika leƙawa ba. Ganyensu kore ne shar, sai ka ce an zauna an yanka shi da almakashi.

Masu ajiye ƙananan kifaye a akwatin gilashi domin ado sukan yi sha'awar irin wannan tsiro. Tunaninsu shi ne, tun da yake yana son danshi, ai zai fi jin daɗi a cikin ruwa. Sai su tumɓuke shi su dasa a ƙasan akwati. Kafin 'yan makonni ganyen ya yi baƙi ya ruɓe, ruwa ya ɓaci, kifi ya wahala, bango kuma ya rasa adonsa. Manufar wannan bayani ita ce a nuna wa 'yan'uwa ɗalibai da malamai da iyayenmu dalilin wannan hasara, da kuma yadda za a shirya akwati inda tsiron bango da tsiron ruwa da kifi za su zauna tare lafiya.

Mene ne agugu?

A ajin Bayoloji za ku ji malam ya kira wannan tsiro "fan" da Turanci, ko da yake ba abin da ya haɗa shi da fanka. Da Hausa akwai tsohuwar kalma, watau agugu. Dokta J. M. Dalziel, a littafinsa na sunayen tsire-tsire da Hausa wanda ya fito a 1916, ya rubuta cewa agugu saiwar irin wannan tsiro ce da ake kawowa daga Adamawa domin maganin tsila. A nan za mu ari sunan mu kira dukan dangin da shi. Sai dai kada wani ya ɗauka cewa na bangon gidansu magani ne, gama waɗansunsu suna da dafi.

Masana sun ƙidaya iri fiye da 10,000 na agugu a duniya. Abin da ya raba su da yawancin tsire-tsire shi ne ba sa yin fure, ba sa yin 'ya'ya, ba su kuma da ƙwayar iri kamar gero ko wake. Sabon ganye yakan fito a naɗe kamar wutsiyar hawainiya, sa'an nan ya miƙe a hankali. A yawancin irinsa karansa ba ya tashi sama, kwanciya yake yi yana rarrafe, ganye na fitowa ta sama, saiwoyi ta ƙasa.

Idan ka juya ganyen da ya ƙosa, za ka ga ɗige-ɗige ko layuka masu launin ƙasa. Waɗansu sukan zaci cuta ce, alhali kuwa nan ne rumbun tsiron. A ciki akwai wani gari mai laushi wanda za mu kira ƙurar iri. Iska ce ke kwashe ta. Idan ƙwaya ɗaya ta faɗa wuri mai danshi da inuwa, ba agugu ne ke fitowa nan take ba. Wani ɗan faifai ne kore mai siffar zuciya, wanda bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. A ƙarƙashinsa ne ƙwayoyin namiji da na mace ke samuwa, kuma na namijin sai sun yi iyo cikin ɗan ruwan da ya kwanta kafin su isa ga na macen. Bayan haɗuwarsu ne agugun da muka sani ke tsirowa. Wani masani Bajamushe, Wilhelm Hofmeister, shi ne ya bayyana wannan rayuwa mai hawa biyu a 1851.

Wannan ne ya sa agugu ba shi da yawa a wajenmu. Ruwan da ke sauka a tsakiyar Jihar Katsina bai kai milimita 1,000 ba a yawancin shekaru, kuma kusan dukansa cikin wata huɗu yake zuba. Da hunturu danshin iska yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100. Saboda haka sai a 'yan wurare kaɗan ne ɗan faifan nan ke samun danshin makonni a jere.

Waɗanda ake samu a bango da dutse

Na farko shi ne wanda masana ke kira Actiniopteris radiata. Tsawonsa bai wuce taki ɗaya ba, ganyensa kuma kamar ƙaramin mafici ne ko kan giginya. Yana zama a tsagar duwatsu a busassun ƙasashen Afirka da Larabawa da Indiya. Da rani yakan ƙanƙance ya bushe kamar ya mutu, da ruwa ya sauka sai ya buɗe ya koma kore.

Na biyu shi ne Adiantum philippense, mai siririn kara baƙi mai sheƙi da 'yan ganyaye masu siffar rabin wata. Yana son gaɓar rafi da gindin dutse mai inuwa. Idan bakin ganyensa ya taɓa ƙasa yakan yi saiwa ya zama sabon tsiro, shi ya sa ake cewa yana tafiya. Ɗan'uwansa, Adiantum capillus-veneris, shi ne mai son bangon rijiya da wurin da ruwa ke ɗiga a ƙasashe da yawa na duniya. Sunan Adiantum daga harshen Girka yake, ma'anarsa "wanda ba ya jiƙa", domin in ka zuba wa ganyen ruwa sai ya gangare ya bar shi a bushe.

Na uku shi ne Pteris vittata, mai ganye kamar tsani, wanda ke son tsohon siminti da farar ƙasa a ƙasashe masu zafi. A 2001 masu bincike a Jami'ar Fulorida ta Amurka suka gano cewa yana zuƙe dafin asinik daga ƙasa ya tara a ganyensa. Yana girma fiye da sauran biyun, don haka ƙaraminsa kaɗai ne zai dace da akwati.

Me ya sa yake mutuwa a cikin ruwa?

Hausawa na cewa kama da wane ba ta wane. Son danshi dabam, zama cikin ruwa dabam. Ganyen tsiron tudu yana da wata fata mai kama da kakin zuma wadda ke hana ruwan jikinsa tsiyayewa, numfashinsa kuwa ta waɗansu ƙananan ƙofofi ne da ido ba ya gani. Ta nan iskar kabon ke shiga, wadda da ita da ruwa da haske yake haɗa abincinsa. A cikin ruwa wannan iska tana tafiya a hankali, kamar sau 10,000 ƙasa da saurinta a sarari. Tsiron ruwa na ainihi yana da ganye marar kauri da ke shan iskar ta ko'ina a jikinsa. Shi kuwa na bango, da ya nutse sai ƙofofinsa su zama banza, fatarsa kuma ta tare hanya. Yunwa ce ke fara kama shi.

Bugu da ƙari, saiwoyinsa sun saba da tsagar bango inda ruwa ke wucewa iska ta biyo baya. In aka binne su cikin tsakuwa a ƙarƙashin ruwa sai su shaƙe su ruɓe. Daga nan gansakuka ta rufe ganyen ta hana shi haske. Ruɓaɓɓen ganye kuma yana cinye iskar oksijin da kifi ke buƙata. Saboda haka dokar farko ita ce: agugun bango a saman ruwa yake zama, saiwa cikin danshi, ganye a sarari.

Agugun ruwa na ainihi

Akwai dangin agugu da ruwa ne gidansu, kuma waɗansu ba sai an je nesa ba. A tafkuna da kududdufan damina na ƙasashen Sudan da Sahel ana samun Marsilea, mai ganye huɗu a kan siririn kara kamar an gicciye su. Yana iya zama cikin ruwa marar zurfi ko a kan laka. Akwai kuma Azolla, ƙanana ƙwarai, ba su kama ƙafar kainuwa ba, suna shawagi a saman ruwa, wani lokaci kore wani lokaci ja-ja. A cikin ganyensu akwai wata ƙwayar halitta da ke kama sinadarin naitirojin daga iska, shi ya sa manoman shinkafa a Sin da Biyetnam suka yi ɗaruruwan shekaru suna takin gona da su. Na uku shi ne Ceratopteris, mai ganye mai laushi kamar na karas, wanda ke fitowa a fadamu da gonakin shinkafa na Afirka ta Yamma. Yana girma da sauri, yana jure zafi, ana iya dasa shi a yashi ko a bar shi yana shawagi. Shi ne ya fi dacewa da mai koyo.

A wurin masu sayar da kifin ado a manyan birane akan sami waɗansu biyu. Ɗaya shi ne agugun Jaba, daga kudu maso gabashin Asiya, mai haƙuri da ƙarancin haske. Ɗayan kuwa Bolbitis heudelotii ne, ɗan Afirka, wanda ke manne wa duwatsu a rafuka masu gudu. An sa masa sunan wani Bafaranshe, Heudelot, wanda ya tattara tsire-tsire a Senegal da Gini a shekarun 1830. Yana son ruwa mai motsi da ɗan sanyi, don haka zafin watan Afrilu na wajenmu yakan wahalshe shi. Su biyun ba a binne karansu. Ɗaure su ake yi da zare a jikin dutse ko itace har su kama da kansu.

Ɗan tarihi

Haɗa agugu da gilashi ya samo asali ne a Landan. Wani likita, Nathaniel Ward, ya yi ta ƙoƙarin shuka agugu a gidansa, hayaƙin birni na kashe su. A 1829 ya sa wata tsutsar malam-buɗe-littafi cikin kwalba mai danyar ƙasa ya rufe. Ba da daɗewa ba sai ga agugu da ciyawa sun tsiro a ciki, suka yi kusan shekara huɗu ba wanda ya ba su ruwa. Dalili kuwa, ruwan da ya tashi daga ƙasa yakan taru a jikin gilashi ya sake gangarowa. A 1833 ya aika da akwatuna biyu na gilashi cike da tsire-tsire zuwa Sidni ta Ostareliya cikin jirgin ruwa, suka isa lafiya. Da irin waɗannan akwatuna ne daga baya aka kai dashen shayi daga Sin zuwa Indiya, da itacen da ake samun kwinin daga Amurka ta Kudu zuwa Asiya.

A 1850 wani masanin sinadarai, Robert Warington, ya nuna cewa kifi da tsiron ruwa suna iya rayar da juna a cikin akwati ɗaya: tsiro na ba da oksijin, kifi na ba da kabon da taki. A 1853 gidan namun daji na Landan ya buɗe ɗakin kifi na farko domin jama'a. A zamaninmu kuwa wani mutumin Jafan, Takashi Amano, wanda ya rayu daga 1954 zuwa 2015, shi ne ya shahara wajen shirya akwatin kifi ya zama kamar wani yanki na daji.

Yadda za a shirya akwati

Mai yankan gilashi zai iya haɗa akwati mai tsawon santimita 60, faɗi 30, tsayi 30, da gilashi mai kaurin milimita 6 da gam ɗin silikon. Irin wannan yana cin lita 54, amma rabi za a cika, watau lita 27, domin a bar wa agugun bango sarari. A tuna cewa kowace lita kilo ɗaya ce, sai a nemi tebur mai ƙarfi wanda ba ya rawa. Wanda bai da hali yana iya farawa da babbar kwalba mai faɗin baki, amma ban da kifi.

Da farko a wanke yashin rafi har ruwansa ya fita garau, a shimfiɗa kamar kaurin yatsa uku. Sa'an nan a jera duwatsu a baya ko a kusurwa ɗaya har su ɗara saman ruwa. A gwada kowane dutse da ruwan lemun tsami. In ya yi kumfa, yana da farar ƙasa, kada a sa shi cikin ruwa. Sabon siminti ma guba ne ga kifi.

Dabarar da ta fi dacewa da mu tana cikin tsakar gida. Kowa ya san yadda randa ke zufa. Tsingaron tulu ko na randa, in gindinsa na cikin ruwa, yakan jawo danshi zuwa sama kamar lagwanin fitila. A jingina babban tsingaro a jikin duwatsu, kashi ɗaya cikin uku a ruwa, saura a sarari. A saman, inda ya ɗara ruwa da kamar yatsa huɗu, a yi ɗan gurbi a cika da ƙasar ruɓaɓɓen ganye gauraye da yashi da garin jan bulo. Nan ne mazaunin agugun bango. Actiniopteris ya fi son can ƙoli inda danshi ya yi kaɗan, Adiantum kuma kusa da ruwa.

A cikin ruwa a dasa Ceratopteris a baya, Marsilea a gaba inda ba zurfi, a ɗaure agugun Jaba a jikin dutse. A saman ruwa a sa Azolla kaɗan. Daga nan a rufe da gilashi, a bar 'yar kafa kamar faɗin yatsa domin iska. A jira sati biyu ko uku tsire-tsire su kama kafin a kawo kifi. Ƙananan kifaye biyar ko shida sun isa, irin su gupi. Karfasa tana tone tsiro tana cinyewa, tarwaɗa kuwa girma take yi ta haɗiye maƙwabtanta.

Shuka daga ƙurar iri

Agugun da aka fizge daga bango yakan bar rabin saiwarsa a cikin tsaga, da wuya ya rayu. Ban da haka, wurin da guda biyar ne kaɗai suka tsira, in ɗalibai goma suka bi ta kansa, shi ke nan an shafe su. Hanya mafi kyau ita ce a yanki ganye ɗaya tak wanda bayansa ya yi launin ƙasa, wajen ƙarshen damina, a sa cikin ambulan na takarda. Bayan kwana biyu ko uku za a ga gari ya zuba.

A sami ƙaramin kasko, a zuba ƙasa da garin bulo, a kwarara tafasasshen ruwa domin a kashe fumfuna da irin ciyawa. In ya huce a barbaɗa garin sama-sama, kada a binne. A rufe da gilashi ko farar leda, a ajiye a inuwa mai haske, a ɗora kaskon cikin faranti mai ɗan ruwa. Cikin makonni kaɗan za a ga kore-kore ya bayyana, sa'an nan 'yan faifan nan masu siffar zuciya. A riƙa fesa musu ruwa kaɗan. Ganyen farko yana iya ɗaukar wata biyu har zuwa shida. Mahaƙurci mawadaci: daga ganye ɗaya ana iya samun dashe da yawa, har a raba wa abokai. Ga masu shirin jarrabawa kuma, abin da aka zana a allo ga shi a fili, gani ya kori ji.

Kulawa ta yau da kullum

A ajiye akwati kusa da taga inda haske ke shiga amma rana ba ta dukan gilashi, in ba haka ba ruwa zai yi zafi ya koma kore. Inda ɗaki ke da duhu, ƙwan fitila mai aiki da hasken rana na awa takwas ya wadatar. Kowane mako a kwashe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan a zuba sabo. In na famfo ne, a bar shi ya kwana biyu a buɗe domin kulorin ya fita. Ruwan sama ya fi kyau wajen fesa wa ganye. Da hunturu a rage kafar murfi, a goge ƙura. Da bazara a ƙara buɗewa, a riƙa cika abin da ya ƙafe. Azolla tana iya ninka kanta cikin mako guda, sai a riƙa kwashewa ana ba kaji, kada ta rufe fiye da kashi ɗaya cikin uku na saman ruwa. Idan Adiantum philippense ya zubar da ganye da rani, kada a jefar da shi, hutu yake yi.

Gargaɗi

Rigakafi ya fi magani. Na ɗaya, kada ɗalibi ya leƙa ko ya shiga rijiya domin tsiro, kada kuma a sa hannu cikin tsagar dutse inda maciji ko kunama ke fakewa. Na biyu, ruwan tafki da na madatsa yana iya ɗauke da tsargiya, cutar da ke sa fitsarin jini. Ƙwayoyinta suna girma ne a jikin ƙananan dodon koɗi, su fito su huda fatar mai wanka ko mai shiga ruwa. A jawo tsiro da sanda daga gaɓa, a sa safar hannu ta roba, a ajiye shi a bokiti dabam har sati biyu ana tsince dodon koɗi da ƙwansu kafin ya shiga akwati. Na uku, ruwan da ke tsaye ba kifi gidan sauro ne, gama cikin kamar kwana goma ƙwai ke zama sauro. Akwatin da ba kifi a rufe shi da gilashi ko yankin gidan sauro.

Na huɗu, kada a zubar da tsiron da aka sayo ko kifin ado a tafki ko madatsa. Wani agugu mai shawagi daga Barazil, Salvinia molesta, ya rufe kusan kashi ɗaya cikin biyar na tafkin Kariba da ke tsakanin Zambiya da Zimbabuwe a 1962, ya hana masunta aiki. Madatsar Zobe ta kusa da Dutsin-Ma da sauran ƙananan madatsunmu su ne abin dogaron masunta da masu noman rani da makiyaya. Abin da ya yi yawa a shanya shi ya bushe, a zuba a ramin taki.

Kammalawa

A taƙaice, akwati mai kyau hawa uku gare shi: agugun bango a kan tsingaro sama da ruwa, Azolla a saman ruwa, agugun ruwa da kifi a ƙasa. Kayan aikin kusan duka suna kewaye da mu: yashin rafi, dutse, fasasshen tulu da ambulan ɗaya. Muna kira ga ƙungiyoyin kimiyya da na matasa manoma su gwada wannan aiki a damina mai zuwa, su riƙa rubuta ranar shuka da ranar da kowane abu ya bayyana, domin 'yan ajin da ke biye da su su tarar da akwati mai rai da kuma littafin da zai koya musu kula da shi.